Lambu ba ya jiran ɗori ya kama



Akwai abin da muka iya wanda ba mai ƙwace mana shi, wato dubiya. Ɗayanmu ya yi hatsari da safe, kafin la'asar labari ya zaga zango. Kafin isha'i ɗakinsa ya cika, wannan ya kawo lemo da ayaba, wancan ya cusa ɗan abin da ya sawwaƙa ƙarƙashin matashin kai, liman ya yi sanarwa bayan salla an zaga da hula. Hali ne mai kyau, Allah ya bar mu da shi. Sai dai idan wanda ya ji ciwon mai lambu ne, akwai majinyaci na biyu da kusan ba mai tunawa da shi, shi ne lambun. Ra'ayina a wannan rubutu ɗaya ne: in maƙwabcinmu mai lambu ya kwanta, taimakon da ya fi buƙata bayan magani shi ne a riƙe masa lambunsa da rai har ya miƙe, kuma ya kamata ƙungiya ta tsara yadda za a yi hakan tun kafin wani ya faɗi.

Duk wanda ya bi hanyar Badagry ta wajen Ojo da Iyana-Iba a Legas, ko ya leƙa Idi-Araba, ko ya zaga gefen ruwan Eleyele a Ibadan, ya ga kwami-kwami kore shar, ya ga 'yan uwanmu tun asuba da butar ban-ruwa hannu bibbiyu. Latas suke yi, da albasa mai lawashi, da alayyafo wanda Yarabawa ke kira tete, da lalo da suke kira ewedu, da ugu, da kuɓewa. Da yawansu iyalinsu na can gida Arewa, abin da aka tsinka yau shi za a tura gobe a sayi masara ko a biya kuɗin makarantar yara. Ban da su akwai dattijon da ya daina zuwa kasuwa ya koma kula da 'yar gonar bayan gida, akwai uwar marayu da ke cire cefanenta daga zogale da yakuwa da ramar da ta shuka a jikin katanga. Duk waɗannan jarinsu a ƙasa yake, kuma jari ne mai shan ruwa kullum.

Mu dubi lissafin kwanaki, domin a nan maganar take. Alayyafo daga shuka zuwa tuge shi sati uku ne zuwa huɗu. Latas da rani sai an ba shi ruwa safe da yamma, in ya kwana biyu ko uku bai sha ba ya yanƙwane, in kuma lokacin yankansa ya wuce sai ya miƙe ya yi kai, ganyen ya yi ɗaci, ba mai saye. Kuɓewa in ta fara 'ya'ya duk bayan kwana biyu ko uku ake tsinkarta, in an bari ta ƙosa ta yi tauri sai dai a bar ta iri. Irin da ake reno in lokacin dashensa ya wuce ya tsufa a wurin, ko an dasa ba ya yin kirki. Da damina kuwa, a wannan ƙasa da ruwa ke zuba tun watan Afrilu, sati biyu sun isa ciyawa ta shanye kwami har ka rasa inda shukar take.

To shi kuma ƙashi fa? Karayar hannu ga babban mutum takan ɗauki wajen sati shida kafin ta haɗe, ta ƙafa takan kai wata uku, wani lokaci ta wuce. Wanda adda ta sare shi a ƙafa ko fartanya ta datse masa yatsa, ko da an ɗinke, ba zai shiga laka da taki ba sai ciwon ya rufe. Ke nan kafin ƙafar mai lambu ta warke, da an tuge alayyafo sau biyu ko uku a kwami ɗaya. Ciwo da watanni yake lissafi, lambu da kwanaki. Wannan tazarar ita ce take cinye mutum, ya tashi daga jinya ya tarar ba shi da komai.

Kuma asarar ba a ganye ta tsaya ba. Mafi yawan filayen da ake lambu a kansu a garuruwan Kudu ba na masu lambun ba ne. Wani aro ne, wani haya, wani gefen titi ne, wani ƙarƙashin manyan wayoyin lantarki, wani bakin rafi ko bayan katangar wata ma'aikata. Tun dokar filaye ta 1978 ikon ƙasar kowace jiha yana hannun gwamnanta, ɗan lambu kuwa galibi ba shi da takardar da zai nuna. Abin da ke riƙe masa filin shi ne ana ganinsa a kai kullum. Ranar da ciyawa ta rufe wurin, sai ka ga an fara zubar da shara, ko mai filin ya ba wani, ko wani ya shigo ya kafa fartanyarsa ya ce ai ya tarar ba kowa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Haka nan matan da ke zuwa sari da sassafe, su ma sana'a suke yi, in sun zo sau biyu sau uku ba kaya za su koma wajen wani, kuma dawo da su ba ƙaramin aiki ba ne. Asara uku ke nan a lokaci ɗaya: amfani, da fili, da abokan ciniki.

Wani zai ce ai akwai hukuma. Gaskiya ne akwai dokar biyan diyya ga ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki, ta shekarar 2010, amma an yi ta ne domin wanda yake da uban gidan da ke biyansa albashi. Mai lambu shi ne uban gidan kansa. Akwai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta wajabta wa kowane ɗan ƙasa shiga tsarin, a Legas ma akwai shirin jiha da ake kira Ilera Eko, kuma ina ba kowa shawara ya bincika ya yi rajista. Amma ko ka yi rajista, inshora kuɗin asibiti take ɗauka. Ba ta ba latas ruwa, ba ta cire ciyawa, ba ta tare mai son ƙwace fili. Wannan gurbin ba mai cike shi sai maƙwabci.

Mu kuwa ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Kowa a cikinmu da ya tashi a ƙauye ya san gayya. Mai gona ya gayyaci jama'a, a sa rana, samari su fito da garma da fartanya, makaɗa na bugun gangar noma, mata sun dama fura sun dafa abinci, kafin azahar an gama noman da zai ɗauki mutum ɗaya sati biyu. Ana yi wa suruki gayya, ana yi wa malam, ana yi wa mai gari, kuma ana yi wa wanda ciwo ya kwantar da shi a tsakiyar damina da matar da mijinta ya rasu. Ba a biyan kowa ko kwabo, amma kowa ya san wanda ya zo da wanda ya noƙe, kuma ranar tasa gayyar zai gani. Maƙwabtanmu Yarabawa ma suna da irin tasu, akwai wadda suke kira owe, mai kama da gayyarmu, akwai aro, wadda 'yan ƙungiya ke zagaya gonakin junansu bi da bi.

Su kansu zangunanmu na Kudu a kan irin wannan dogaro da juna aka gina su. Sabo ta Ibadan tun 1916 aka kafa ta. Wani masani mai suna Abner Cohen da ya zauna a cikinta ya fitar da littafi a 1969, inda ya nuna yadda cinikin goro da na shanu tsakanin Arewa da Kudu ya tsayu a kan amana tsakanin mai masauki da baƙonsa, ana ba da dukiya mai yawa bashi ba tare da takarda ba. Haka Agege, haka Sabo ta Shagamu. Kakanninmu sun riƙe wa juna garken shanu da huhun goro. Ba zai yiwu a ce jikokinsu sun kasa riƙe wa ɗan uwansu kwami ashirin na wata biyu ba.

Sai dai akwai wurin da dole gayya ta sauya kama in za ta yi wa mai lambu amfani. Gayyar ƙauye ta yini ɗaya ce: mutum talatin su taru, a gama, a watse. Gero in an nome shi zai jira ruwan sama. Lambu ba haka yake ba. In mutum talatin suka zo ranar Lahadi suka yi aiki kamar ba gobe, suka tafi ba wanda ya sake leƙowa, kafin Laraba rana ta ƙone abin da suka gyara. Abin da lambu yake so shi ne mutane kaɗan a kwanaki masu yawa.

Ga misali yadda za a iya tsara shi. A samu mutum 14. Kowace rana mutum biyu, ɗaya ya zo bayan sallar asuba, ɗaya bayan la'asar, ko su zo tare in aikin na biyu ne. Ke nan kowa sau ɗaya zai zo a sati. In jinyar ta ɗauki sati shida, zuwa shida ke kan kowa, kowane zuwa awa ɗaya ko ɗaya da rabi. Sannan duk bayan sati biyu a yi babbar gayya ranar Lahadi domin aiki mai nauyi, kamar kaftu da gyaran kwami da cire ciyawa da zuba taki. Wannan bai fi ƙarfin kowace unguwa da muke da masallacin Juma'a a cikinta ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma hannu goma sha huɗu in sun yi karɓa-karɓa ba wanda zai ji nauyi.

Na san abubuwan da za a ce, kuma wasunsu suna da ƙamshin gaskiya, don haka bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya.

Na farko, za a ce me ya sa ba za a tara kuɗi a ɗauki ɗan ƙwadago ba, kowa ya huta? Kuɗin da aka tara a masallaci asibiti ne yake fara cinye su: hoton ƙashi, ɗauri, allura, magani, kuɗin mota zuwa da dawowa. Abin da ya rage na abinci ne. Bayan haka tausayi yana da zafinsa a satin farko, zuwa sati na uku hular da aka zaga da ita ta daina nauyi, alhali a lokacin ne jinyar ta yi nisa aljihu ya bushe. Kuma ko an ɗauki ɗan ƙwadago sai an samu mai tsaya masa, wanda mai fili da 'yan sari suka san fuskarsa. Ban ce kuɗi ba su da amfani ba. Wanda ba zai iya zuwa ba, kamar mai shago da ba shi da mai tsare masa, ya ɗauki nauyin man injin ban-ruwa, wanda tun cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama babban kaya a wuyan masu lambu. Wani ya sayi buhun kashin kaji, wani ya biya wanda zai tsaya a ranarsa. Kuɗi su biyo bayan jadawalin, kada su kore shi.

Na biyu, za a ce ba lokaci, zaman Kudu ba zaman ƙauye ba ne, kowa na fama da kansa ga cunkoson hanya. Haka ne. Amma muna samun lokacin suna da ɗaurin aure, muna samun na kallon ƙwallo, in ɗan siyasa ya zo gari muna samun yini guda. Awa ɗaya a sati ake magana. Kuma sana'o'inmu ba lokaci ɗaya suke ci ba. Mai gadi yana tashi aiki da asuba, hanyarsa ta komawa ɗaki ce. Mai shayi yana da sarari da rana. Mai suya sai yamma yake hura wuta. Tun da gwamnatin Legas ta hana acaba a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, akwai samarinmu da yawa da aikinsu ya ragu, kuma akasarinsu da fartanya suka tashi a hannu. In an zauna an duba, za a ga kowace awa ta yini akwai wanda yake da ita.

Na uku, za a ce ba kowa ne ya iya lambu ba. Wannan ita ce magana mafi nauyi, domin taimakon wanda bai sani ba yana iya zama ɓarna. Mutum da kyakkyawar niyya zai tuge irin da aka dasa yana zaton ciyawa ce. Zai sake wa ƙaramin tsiro ruwa da ƙarfi ya kwantar da shi. Zai zuba takin zamani a gindin shuka ya ƙone ta. Mafi hatsari, zai yi feshin maganin ƙwari yau a tsinki ganyen gobe a kai kasuwa, alhali kowane magani yana da kwanakin da ake jira kafin a tsinka, kuma a rubuce suke a jikin kwalbar. Maganin wannan shi ne a naɗa jagora ɗaya daga cikin masu lambun da ke kusa, shi zai nuna wa kowa aikinsa. Wanda bai iya ba ya ɗebo ruwa, ya ja tiyo, ya kwashe ciyawar da aka cire, ya ɗauki kaya zuwa bakin titi. Dashe da taki da feshi a bar wa masu sani. Kuma kafin a taɓa komai a je a tambayi mai lambun: wane kwami ne na yanka, wanne aka yi wa feshi kuma yaushe, wa ya ba da kuɗin kaya tun kafin su nuna, wa ake bi bashi. Ƙafarsa ce ta karye, kansa lafiya lau yake.

A nan ma sai a kula kada majinyaci ɗaya ya zama biyu. Ƙwayar cutar titanus, wadda ke sandarar da jiki ta ƙulle muƙamuƙi, a cikin ƙasa da kashin dabbobi take zama. Duk wanda ya yanke a lambu ya wanke ciwon da sabulu da ruwa mai tsabta nan take, ya je asibiti a duba ko yana buƙatar allura. A sa dogon takalmin roba, musamman in ciyawa ta yi tsawo, saboda maciji da fasassun kwalabe. Yara in za su zo, kada a bar su kusa da rijiya ko maganin feshi.

Na huɗu, maganar amana, wadda ita ce takan raba zumunci. Lambu yana fitar da kuɗi kusan kullum, kuma inda kuɗin wani ya bi ta hannun wani, zargi na nan kusa. Kada a bar mutum ɗaya da sayarwa. Mutum biyu su tsaya, a rubuta abin da aka yanka da wanda ya saya da nawa ya biya, da yamma a kira mai lambun a karanta masa, a kai masa kuɗinsa ko a tura inda ya ce. Ɗan gayya kada ya tsinki ko damin alayyafo ɗaya ya ce na miya ne sai in mai shi ya ba shi da bakinsa. Sannan a faɗa a gaban shaidu tun ranar farko cewa riƙo ake yi: ranar da ya miƙe, filinsa da 'yan sarinsa da kayan aikinsa za su koma hannunsa yadda ya bar su. Dole a faɗi wannan ƙarara domin jagoran da ya fi kowa iya aikin shi ne kuma wanda ya fi kowa cin riba in maƙwabcinsa bai dawo ba. Faɗin ba zargi ba ne, kariya ce gare su su biyun.

Na biyar, maganar hoto. Yanzu an shiga zamanin da ba a ba mutum ko ruwan leda sai an ɗaga waya. Magidanci yana kwance ƙafa a ɗaure, ba riga, sai ka ga an ɗauke shi an watsa a Facebook, har matarsa da surukansa a gida su gani kafin ya kira su ya yi musu bayani. Wannan yana sa masu mutunci su ɓoye halin da suke ciki, su gwammace lambun ya mutu da a yi talla da su. In ana son a jawo hankalin jama'a, a ɗauki hoton kwami da masu aiki in sun yarda. Jadawali kuwa a ajiye shi a zauren WhatsApp na 'yan gayyar. Shi majinyacin kada a sa fuskarsa ko sunansa sai da izininsa.

Na shida, wa za a yi wa? A nan ne nake roƙon dattawa su sa baki. Kada gayya ta zama ta 'yan gari ɗaya, Bakano ya yi wa Bakano, Basakkwace ya yi wa Basakkwace, Bazabarme da Buzu kuwa a ce su nemi nasu. Kuma kada ta tsaya a kanmu. A yawancin wuraren nan kwaminmu yana jingine da na Bayarabe ko na Ibo ko na Egun, rijiya ɗaya ake ɗiba. Haƙƙin maƙwabtaka da aka karantar da mu tun muna yara bai ce sai wanda kuke yare ɗaya ba. Dukanmu muna tuna abin da ya faru a kasuwar Shasha ta Ibadan a watan Fabrairun 2021, yadda saɓani tsakanin mutane ƙalilan ya rikiɗe ya ci rayuka da shaguna da gidaje. Zaman lafiya ba a ranar rikici ake ƙulla shi ba. Tsohuwar da samarin Hausawa suka riƙe wa gonar ugu wata biyu tana jinya, ita da 'ya'yanta ba za su manta ba, kuma ba mai iya gaya musu cewa mu mugayen mutane ne su yarda.

Kada kuma a manta da mata. Gonar bayan gida ta uwar marayu ko ta tsohuwa ba wurin da samari za su faɗa kai tsaye ba ne. Matan unguwa da suke da adashi da islamiyya tare sun fi kowa sanin wadda ta zame a bakin rijiya ta gurɗe, da wadda aka yi wa aiki a asibiti. Su tsara nasu karɓa-karɓar, in akwai aikin ƙarfi su aiko a tura yara maza da izinin masu gidan.

Akwai wata fa'ida da ba a cika lura da ita ba: gayyar tana cikin maganin. Mai lambu in yana kwance yana tunanin latas ɗinsa na ƙonewa, ba zai kwanta ba. Sati biyu sai ka gan shi ya dogara sanda ya ja ƙafa ya tafi, ya ɗauki buta mai nauyi a kan ƙashin da bai haɗe ba. Daga nan ɗori ya goce, jinyar wata biyu ta koma ta wata shida, wani ma ya ƙare da ɗingishi har abada. Wani kuma tsoron barin lambun ne yake hana shi zuwa a yi masa hoton ƙashi tun farko, alhali ga asibitin ƙashi na Igbobi a Legas, ga asibitin koyarwa na Ibadan, ga na ƙashi a Inugu. In ya tabbata akwai masu ba shukarsa ruwa, zai je a duba shi yadda ya kamata, zai kuma zauna har likita ya ce ya taka.

Ku kuma 'yan uwa masu lambu, ku rage kunya. Ba roƙo ba ne mutum ya ce a taimaka masa da ban-ruwa, gayya sunanta, kuma da gayyata ake yinta. Ku sanar da maƙwabcinku na kwami wa ya ba ku filin da yadda kuka yi da shi, tun kuna lafiya. In an zo riƙe muku, ku karɓa, ku yi abin da za ku iya daga zaune: ɗaure ganye dami-dami, tsince iri, kiran 'yan sari a waya. In Allah ya ba ku lafiya, ku ne sahun gaba ranar da wani ya kwanta.

Abin da nake nema a wajen shugabannin ƙungiya da Sarkin Hausawa da limamanmu ba mai tsada ba ne. A taro mai zuwa a sa wannan magana cikin abin da za a tattauna. A rubuta sunayen masu lambu na kowace unguwa da inda lambunsu yake. A rubuta sunayen waɗanda suka yarda su ba da awa ɗaya a sati da lokacin da ya fi musu sauƙi. A naɗa mutum ɗaya a kowace unguwa wanda in labarin hatsari ya zo, aikinsa shi ne ya tabbatar an ba lambun ruwa a ranar, kafin a kwana, ya kuma fitar da jadawali cikin kwana biyu. Asusun ƙungiya ya ware ɗan abin sayen mai da taki. In tsarin ya zauna, ba mai lambu kaɗai zai amfana ba, mai kiwon kaji da mai turken tumaki ma in suka kwanta haka za a yi musu, domin su ma jarinsu yana ci yana sha kullum.

Zumunci a ƙafa yake, haka iyayenmu suka ce. In mun je dubiya mun gaishe da ɗan uwanmu mun yi masa addu'a, kafin mu fita mu tambaye shi wa ya ba lambu ruwa yau. In ya yi shiru, mu karɓi butar.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya tsare mu daga hatsarin hanya da na wurin sana'a, ya sa albarka a neman kowa, ya ƙara haɗa kanmu da maƙwabtanmu. Amin.